Daga Bakin Kwara: Jan Layin da Ya Kwanar da Albasata a Gaɓa

Ina gaishe ku daga Tumbutu, ba Tumbutun Mali ba, tamu ta yamma da Malanbil a arewacin Jamhuriyar Benin, inda kogin Kwara ya raba mu da ƙasar Nijar.

A makon jiya wani ɗan'uwa mai fataucin kifi a Yeji ta ƙasar Gana ya aiko min da tambaya. Ya ce ya ji muna da ƙungiyar sa kai ta masu kwale-kwale da masu hawa, su ma suna son kafa irinta a bakin tafkin Balta, to ta ina za su fara? Malam, tambayarka ta yi daɗi, amma zan gyara ta kaɗan. Farawa ba wuya. Shayi da tabarma da mutum ashirin sun isa a kafa ƙungiya. Abin tambaya shi ne yadda za ta kai shekara ta uku da ranta. Bari in ba ka labarin tamu, har da inda ni kaina na sha kunya.

Abin da ya tashe mu shi ne hatsarin Warra. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya nutse a wannan kogi namu, can ƙasa a yankin Ngaski ta jihar Kabi, ɗauke da mutum fiye da 150, 'yan kaɗan aka ceto. Yawancinsu masu neman abinci ne irina da irinka, da mata da goyonsu. Da labarin ya iso mana, muka zauna bayan sallar isha'i muka kalli juna. Ruwan da ya ci su, ta ƙofar gidanmu ya wuce kafin ya kai can. Kuma duk wanda ke wurin ya san sau nawa ya hau jirgin da ruwa ke lasar bakinsa, ya yi shiru don kada a ce shi matsoraci ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da Bahaushe ya ce ka yi wa naka.

Ranar farko mun cika fili. Kowa na da shawara, kowa na son a yi yanzu-yanzu. Wata uku bayan haka, in an kira taro, mu bakwai muke zuwa. A nan na koyi darasi na farko: ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kada ka gina ƙungiya a kan taron ranar farko. Gina ta a kan bakwai ɗin nan, ka ba kowa aiki ƙarami wanda zai iya yi ba tare da kasuwarsa ta mutu ba. Mu dai mun raba kwanaki ne. Kowane mutum yini ɗaya a mako yake tsayawa a mashigi, daga hantsi zuwa la'asar, da littafi da biro. Wanda tafiya ta kama shi zuwa Faraku ko Kwatano, shi zai nemo mai tsaya masa, ba shugaba ba. Aikin sa kai in ya fi ƙarfin aljihun mutum, zai gudu, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Darasi na biyu, kada ka shiga ruwa ka tsallake masu ruwa. Kafin a haifi kakanninmu akwai Sarkawa a kogin nan, akwai Sarkin Ruwa, akwai Dandawa da Zabarmawa da suka san kowane dutse da kowane gurbi. Mu 'yan kasuwa kuɗi da rubutu muka sani. Kuskuren da muka fara yi shi ne mun rubuta dokoki mu kaɗai muka kai wa 'yan fito. Wani dattijo a cikinsu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka iya iyo?" Na ce a'a. Ya ce, "To zauna mu faɗa maka." Muka yage takardar muka sake sabuwa tare da su, muka roƙi Sarkin Ruwa ya zama uban ƙungiya, muka sanar da ofishin magajin gari don kada a ɗauke mu masu kafa wata hukuma ta daban.

A bakinsu na san cewa kogin nan fuska huɗu gare shi. Da farkon damina hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci ruwa ya yi tozo. A watan Agusta da Satumba jan ruwa ke zuwa, ruwan saman yankinmu ne da ƙananan koguna irin su Alibori da Sota ke zubowa, ga ƙarfi ga itatuwa da ciyawa da ke naɗe farfelar inji. Da sanyi kuma wani cikon ke isowa, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya zo daidai lokacin da hazo ke rufe ido. Da bazara ruwa ya ja baya, sai yashi da duwatsu su fito, dorina kuma ta matso inda ruwa ya rage. Duk mai son tafiyar da ƙungiyar jirage, ya fara sanin kalandar ruwansa. Naku na Balta daban ne, na ji ana maganar kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, to ku tambayi masuntanku.

Dokokin da muka tsayar ba su da yawa, da gangan. Doka in ta wuce yatsun hannu ɗaya, ba mai riƙe ta. Ta farko, kowane jirgi a shafa masa jan layi na fenti a jikinsa, taƙi guda ƙasa da baki. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko na wane ne. Ta biyu, a rubuta yawan mutanen da suka hau, har jarirai, da inda za su. Ta uku, ba tashi bayan rana ta yi ja. Wanda ya yi gardamar wannan, sai mu tuna masa masu dawowa daga biki da jirginsu ya kife cikin dare a yankin Patigi ta jihar Kwara a watan Yuni na 2023, aka rasa rai fiye da 100. Ta huɗu, kowane jirgi ya riƙe filafili ko da yana da inji, da abin kwashe ruwa, da igiya, da waya mai caji a ƙulle cikin leda. Ta biyar, abin da zai riƙe mutum a saman ruwa. Rigunan kariya suna da tsada, muna sayensu kaɗan-kaɗan, yara da mata ake fara ba wa. Kafin su wadata, muna ɗaure jarkoki marasa komai masu murfi mai kyau a gefen jirgi, da igiyar da za a iya kamawa. Jarka mai cin lita 25 in an toshe ta da kyau tana ɗaga nauyin da ya kusa kilo 25 a ruwa, wannan ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama har taimako ya zo. Ba ta kai riga ba, amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce kabarin yawancin ƙungiyoyi. Mu ma saura ƙiris ta binne mu. Muna karɓar ɗan abin da aka yanka a kowane mako, ma'ajinmu mutumin kirki ne, amma a ka yake riƙe lissafi. Ranar da aka tashi sayen riguna, abin da ya kawo bai kai abin da mutane suka ƙirga a zuciyarsu ba. Ba wanda ya ce ya ci, amma kowa ya koma gida da magana a ciki. 'Yan fito suka fara cewa 'yan kasuwa sun mai da su saniyar tatsa. Wallahi da idona na ga mutanen da ke cin tuwo a kwano ɗaya sun daina gaisawa. Da aka bi diddigi, ashe rance ya bayar ga wani da injinsa ya lalace, da kyakkyawar niyya, bai faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar muka canja tsari. Akwati mai kwaɗo uku, mabuɗi ɗaya wurin ɗan fito, ɗaya wurin ɗan kasuwa, ɗaya wurin wata hajiya mai sayar da shinkafa. Kowane ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, da Hausa da Dandanci, a fassara wa Fulani. Kuma ba a taɓa kuɗin riguna don rance, ko na wa. Mai son rance ya shiga adashi. Kada ka jira sai an zargi mutumin kirki kafin ka kare shi da littafi.

Babbar jarrabawa ta zo mana bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi a kan hanya. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Jama'a da kaya suka koma ruwa. Kuɗin fito ya tashi, yaran da ba su taɓa riƙe filafili ba suka sayi inji suka zama matuƙa dare ɗaya. Ba siyasar abin nake magana ba, wannan na manya ne, kuma abin da hukuma ta hana a ƙetara da shi ba mu da hannu a ciki. Abin da ya shafe mu shi ne, kwaɗayi ya shigo mashigi, jan layinmu ya zama abokin gabar kowa.

To, ga inda na sha kunya. Wata ranar kasuwa ina da buhunan albasa da zan kai wa mai saye a wani ƙauye na bakin kogi, mun yi alkawari. Aka yi lodi, ruwa ya taɓa layi, saura buhu shida nawa a gaɓa. Mai tsaron mashigi a ranar yaro ne sa'an ɗana na fari, ni na koya masa riƙe littafin. Na matsa kusa da shi na ce, "Kai, shida ne fa kawai, kuma ruwa a kwance yake." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kai ka ce ko na wane ne." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ni da na sayi fentin da kuɗina? Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na lura mashigin ya yi tsit, matuƙa da fasinja duk ni suke kallo. Nan na gane cewa in buhu ɗaya nawa ya hau, gobe na kowa zai hau, layin ya zama ado. Na ce a bar su.

Albasar ta kwana a gaɓa, raɓa ta taɓa ta, washegari mai saye ya rage min kuɗi, ya kuma yi min gori a kan alkawari. Asara ce, ba zan ɓoye ba, uwargida ma sai da ta tambaye ni ko ƙungiyar ce za ta biya kuɗin makarantar yara. Jirgin nan ya je lafiya ya dawo lafiya, ba iska ba komai. Wataƙila da an ɗora shidan ma lafiya za a je. Haka aikin yake: ba za ka taɓa ganin mutanen da ka ceta ba, asarar kawai za ka gani. Amma tun daga ranar, duk wanda ya zo da gardama a kan layi, 'yan fito da kansu ke ce masa, "Albasar Alhaji ma ta kwana a nan." Abin da taro goma bai yi ba, buhu shida sun yi.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwa na Yeji, ka shirya sauka tun ranar da ka hau. Mun yanka wa kowane muƙami shekara biyu. Da nawa wa'adin ya cika, wasu suka ce in ci gaba tunda ba mai iya rubutu kamata. Na ƙi, na zauna kusa da wanda aka zaɓa wata uku ina nuna masa. Ƙungiyar da ba ta iya tafiya sai da mutum ɗaya, shagonsa ce, ranar da ya kwanta ciwo ta rufe. Yanzu ni ranar Talata ce tawa a mashigi, kamar kowa.

Ku kuma iyaye mata da ke karanta wannan fili, kuna da ƙarfin da ba mu da shi. In kin zo hawa kin ga ruwa ya kusa bakin jirgi, ki sauko da ɗanki ki jira na gaba, ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Mace ɗaya in ta sauka, biyar za su bi ta, matuƙi kuma ya san lissafi. Kasuwa tana ci wani mako.

Ɗan'uwa, ka sayi fenti, ka nemi dattawan ruwa, ka sami littafi da kwaɗo uku. In kun fara, ka aiko mana labarin wanda kayansa suka fara kwana a gaɓa. Ina fata naka ne.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.