Harafi Ɗaya Ya Isa Ya Tona Asirin Ofis

A zamanin da ake aikin Gwamnati da takarda zalla, wasiƙar sirri ba ta fita daga ofis sai ta bi hannu uku ko huɗu. Akawu ya buga, shugaban sashe ya duba ya sa hannu, rajista ta rubuta lambarta, sa'an nan masinja ya kai ta da littafinsa, wanda ya karɓa ya sa hannu. In an yi kuskuren suna, da wuya wani cikinsu bai gani ba. Yau kuwa a sakatariyar ƙaramar hukuma ta Jega ko ta Maiyama, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, ma'aikaci guda ne akawu, shi ne rajista, shi ne masinja, da ya danna maɓalli kuwa wasiƙar imel ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A watan Yuli na 1923 ba a san imel ba, amma a Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta London ta ba da labarin cewa miliyoyin wasiƙun da aka yi nufin aika wa sojojin Amurka sun yi shekaru suna ɓacewa zuwa ƙasar Mali. Dalili shi ne adireshin sojojin yana ƙarewa da haruffan "mil", na Mali kuwa da "ml". Mantuwar harafi ɗaya ta kai takardun asibiti da tsarin tafiyar manyan hafsoshi inda ba a nufa ba. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Johannes Zuurbier, wanda yake kula da adireshin Mali a lokacin, ya ce ya tara wajen wasiƙu 117,000 cikin watannin farko na shekarar kaɗai.

Haka nan a Satumba na 2021 Ma'aikatar Tsaro ta Ingila ta aika wasiƙa guda ga 'yan Afganistan 245 da ke neman tsira daga Taliban, ta jera adireshinsu a fili, kowa yana ganin na kowa, alhali akwai gurbin da ke ɓoye sunaye. A Disamba na 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan hatsarin ya ma fi kusa, saboda yadda sunayenmu suke. A ofis guda za a sami Abubakar uku da Usman huɗu, da yawa kuma suna liƙa sunan garinsu a baya, Jega ko Aliero. Kwamfuta kuwa da an buga haruffan farko sai ta cika sauran da sunan da ta fi sabawa da shi. Ta haka jerin albashi mai ɗauke da lambobin asusun banki, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko sunayen marasa lafiya, zai iya faɗawa hannun wani ɗan kwangila mai suna iri ɗaya. Wanda ya sami lambar asusu da ta waya ya sami jarin damfara.

Doka ba ta bar abin haka ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni na 2023, ta wajabta wa duk ma'aikatar da bayanan jama'a suka kuɓuce mata ta hanyar da za ta iya cutar da su, ta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, wanda duk ya fi yawa.

Maganin abin, a ganinmu, shi ne a maido da horon rajista cikin aikin kwamfuta. Aikin Gwamnati a yi shi da adireshin Gwamnati, a daina tura fayil ta adireshin mutum na kansa. Takardar da ke ɗauke da sunayen jama'a kada ta fita sai mutum na biyu ya duba adireshin da abin da aka haɗa. A kulle irin wannan fayil da kalmar sirri, a faɗi kalmar ta waya. In wasiƙa ta mutane da yawa ce, a sa su a gurbin ɓoye. A kuma saita na'ura ta jinkirta aikawa na ɗan lokaci, domin mai kuskure ya sami damar janyewa.

Daga ƙarshe, ya kamata shugabannin sassa su sani cewa ma'aikacin da ya san za a ci mutuncinsa ba zai faɗi kuskurensa ba, zai yi shiru har awa 72 ta wuce, ɓarna ta yaɗu. Wanda ya zo nan take ya ce ya aika wasiƙa inda ba daidai ba, ya taimaki ofishinsa, a saurare shi a gyara tare. Ɗaliban da ke shirin shiga aikin Gwamnati su koyi wannan ɗabi'a tun yanzu: a karanta adireshi sau biyu kafin a danna.