Wasiƙa Zuwa ga Maƙera da Masu Washin Wuƙa



A gidajen Arewa da dama akwai wuƙar da kaka ya dawo da ita daga yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan tsakanin 1944 da 1945. Idan jika ya gaji irin wannan wuƙa, ku yake fara kawo wa, ya ce a cire tsatsa a sa mata kaifi. Roƙona shi ne kada ku kai ta bakin dutse sai kun karanta ta.

Ku duba gindin ruwan, dab da ƙota, don can ake buga shaida. Alamar kibiya mai ƙafa uku tana nufin kayan gwamnatin Birtaniya ne. Idan akwai zobe a mariƙi da tsaga a ƙarshen ƙota, to banati ce ta bakin bindiga. A nan ake yawan ruɗewa: mutum ya ga 1907 ya ce shekarar ƙira ce, alhali sunan samfurin ne, na bindigar Lee-Enfield. Shekarar gaskiya tana cikin ƙananan lambobi na kusa, wata da shekara, galibi tare da sunan kamfani irin su Wilkinson ko Sanderson. Asalin tsawon ruwanta inci 17 ne. In kun ga gajeruwa mai harufan RFI, ƙirar Ishapore ce ta Indiya, ba wani maƙeri ne ya datse ta ba.

Wuƙa mai lanƙwasa gaba da ɗan gurbi kusa da ƙota kukri ce ta Gurkawan Nepal, sai dai ta 'yan kasuwa ta fi ta soja yawa, don haka kada ku yi saurin rantsuwa.

Wajen gyara, mai da tsumma sun isa. Injin gurza da ruwan batir suna iya shafe lambobin, kuma ba mai dawo da su. Kube ma, ko ya tsufa, a bar shi, don shi ma yakan ɗauki shaida.

Sannan ku ce wa mai ita ya bincika akwatin tsohon, ko akwai takardar sallama daga soja ko lambar yabo ta Bama. Wuƙa tana faɗin inda aka ƙera ta da shekararta ne kawai. Wanda ya riƙe ta, takarda ce ke faɗa. In yankan nama yake so, ku ƙera masa sabuwa, ku mayar masa da ta gado yadda ya kawo ta.

Wassalam.