Wayar da Ke Kawo Saƙon Kamfe Ta Kawo Mana Likita



A zaman tsara alƙawuran jam'iyya na miƙe na ce a saka maganar duba lafiyar ƙwaƙwalwa ta wayar hannu. Wani babba ya yi dariya, wai "Hajiya, mutane na neman abinci kina zancen waya?" Na yi shiru saboda furfurarsa. Amsar ga ta nan, ku kai masa.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Asibitocin ma a yatsu ake ƙirga su, irin su Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. To fisabilillahi, mai jego a ƙauye da barci ya ƙaurace wa, tana kuka ba dalili, ko jaririnta ba ta son ɗauka, wa zai ba ta kuɗin mota zuwa Kware? Ko an kai ta, sunan mahaukaciya zai bi ta, ya bi 'ya'yanta har ranar da aka zo neman aurensu. Shi ya sa ake rufe ta a ɗaki a ce iska ce. Addu'a da ruƙiyya muna yi, ba mu raina ba, amma a Islamiyya aka koya mana cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Kuma mun ga inda ɓoyo ke kai mutane. A 2019 'yan sanda sun fito da maza da yara sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa.

Kada wani ɗan kwangila ya kawo mana manhajar Turanci ya ce an gama. Muna son layin da mace za ta kira ko da ƙaramar waya, ta yi magana da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, a tambaye ta barcinta, cin abincinta, abin da ke cin ranta. Mai jego da mai takaba da wadda 'yan bindiga suka raba da garinta ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, kowacce a bi ta da nata. Wata saƙon murya da kiran ma'aikaciyar lafiya duk mako ya ishe ta. Wata sai an haɗa ta da likita ta bidiyo daga asibitin unguwa. Wadda ta fara zancen kashe kanta kuwa, babu jira, asibiti a ranar.

Sai sirri. Da yawanmu waya ɗaya muke amfani da ita da maigida ko yara, don haka kada a turo abin da zai tona mace. Kuma abin da ta faɗa ya tsaya wajen ma'aikatan lafiya, ko ofishin jam'iyyarmu bai da hurumin gani.

Masu cewa mafarki ne su dubi Zimbabuwe. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu ciwon damuwa, daga baya har ta WhatsApp ake yi. Mu ungozomomi da malaman Islamiyya mata ne muka rasa?

Doka ma akwai. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Saura kuɗi a kasafin jiha. Lambobinmu dai suna hannunsu, ana gobe zaɓe saƙo har uku ke shigowa.

Duk ɗan takarar da ya zo mazaɓarki, kafin a buɗe buhun atamfa ki tambaye shi nawa zai ware wa wannan layin, kuma a wace shekara. Ki ɗauki amsarsa a waya ki turo min. A tura wannan saƙon zuwa zaurukan mazaɓu, waɗanda ba sa karatu a karanta musu.

Taku,
Shugabar Mata