Wanda Ya Ƙi Alƙalami, Wani Zai Rubuta Masa Tarihi

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin waɗansu manya har da waɗansu malamai 'yan'uwanmu, wai wayar hannu da intanet su ne suka lalata yaran zamani, maganin abin kuwa shi ne a raba ɗan makaranta da su ƙwata-ƙwata. Mu dai ba mu yarda da wannan ba, kuma za mu faɗi dalilinmu a fili, domin ku 'yan makaranta ku auna da hankalinku.

Ku duba takarda. Daga Sin ta fito, ta biyo ta Samarkanda, har aka kafa masana'antarta a Bagadaza wajen shekarar 794. Kafin nan a kan fata a ke rubutu, fata kuwa tsada gare ta, littafi sai mai hali. Da takarda ta yi araha, sai aka shiga juya littattafan Yunanawa da na Farisa da na Hindu zuwa Larabci, Bagadaza ta zama matattarar masana. Mutanen wancan zamani ba su ce takarda baƙuwa ce ba, karɓa suka yi, suka ci moriyarta.

To, sai ga injin ɗab'i. Wani Bajamushe mai suna Gutenberg ya haɗa shi a birnin Mainz wajen 1450. Kafin shekarar 1500 an riga an buga miliyoyin littattafai a Turai, ɗan talaka ya sami abin da a da sai a gidan sarki. A Istambul kuwa Yahudawan birnin sun kafa nasu injin tun 1493, amma ba a ba Musulmi izinin buga littafi da haruffan Larabci ba sai a 1727, sa'ad da aka yardar wa Ibrahim Mutafarrika. Shi ma littattafai 17 kaɗai ya samu ya buga. Ku lissafa da kanku, shekara kusan 280 Turai na bugawa, su kuwa suna kwafa da hannu. Wanda ya riga ka barci, ai dole ya riga ka tashi.

Nan gida ma haka ta faru. A 1859 aka fara buga jaridar Iwe Irohin da Yarabanci a Abekuta. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Malam Abubakar Imam ya zama editanta, ba ta fito a Zariya ba sai a 1939, watau shekara 80 a tsakani. Ba don mun rasa marubuta ba ne. Malamanmu sun daɗe suna rubutu da Larabci da ajami, wasiƙun da Muhammadu Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Barno ma shaida ne. Amma kwafin hannu mutum nawa zai kai wa? A wannan tsakanin yawancin abin da duniya ta karanta a kanmu, matafiyan Turai ne suka rubuta shi, yadda idonsu ya gani, yadda kuma ransu ya so.

Masu cewa saurin labari ba shi da wani amfani, su tuna da yaƙin New Orleans. Ran 24 ga Disamba 1814 Ingila da Amurka suka sa hannu a takardar sulhu a birnin Ghent. Labari na cikin jirgin ruwa bai iso ba, ran 8 ga Janairu 1815 aka gwabza, sojan Ingila wajen 2,000 suka mutu, ko suka yi rauni, ko aka kama su. Bayan da aka shimfiɗa wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku a 1866, saƙon da ya kan yi makonni a hanya sai ya riƙa isa a ranar da aka aika shi.

Za su ce mana, ai abin nan yana da sharri. Gaskiya ne, ba mu musu. A 1994 wani gidan rediyo a ƙasar Ruwanda ya yi ta zuga mutane su kashe maƙwabtansu, har yana faɗin sunaye da wuraren da suka ɓuya. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, ƙarya ta sami doki, ta kan zaga gari kafin gaskiya ta ɗaura sirdi. Amma wa ƙarya ta fi kamawa? Wanda bai san yadda a ke ƙulla ta ba. Yaron da aka hana shi sanin abu, ba a tsare shi ba, an dai miƙa shi ne ga duk mayaudarin da ya fara samunsa. Haba jama'a! Don wuta ta cinye rumbu, sai a hana 'ya'ya mata koyon girki?

Abin da mu ke nema ga malamai shi ne su koyar, su bar hani. A nuna wa yaro yadda zai tambayi kowane labari, wa ya faɗa, yaushe, kuma me zai samu in an gaskata shi. Ku kuwa 'yan makaranta, kada ku zama masu karɓa kawai, kamar tulu a bakin rijiya. Ku je wurin tsofaffin garinku tun suna da rai, ku rubuta tarihin unguwa da na sana'a, da sunayen itatuwa da magungunansu, da Hausa mai kyau, ku sa inda duniya za ta gani. In labari ya zo muku ba ku tabbatar ba, ya tsaya a hannunku, kada ku tura wa kowa.

Jinkirin shekara 80 ya ishe mu. In muka sake yin wani, kada mu zargi kowa sa'ad da jikokinmu suka nemi labarinmu suka same shi a bakin baƙo. Allah ya sa mu gane.