Zazzaɓin da ya ƙi sauka: A daina lalube, a koma ga gwaji

A Madobi, Kura, Bunkure da Garun Malam, idan jiki ya yi zafi hukuncin farko shi ne maleriya. A je kemis a sayo magani. Idan bai sauka ba, a ce taifot ne. Idan ya zarce, a ce shawara ce ko sammu, a koma ga jiƙe-jiƙe. Kafin a kai marar lafiya asibiti an yi mako uku ko huɗu, kuɗin taki ya tafi a allura da ƙarin ruwa, ciwon kuma ya ci jiki.

Akwai dalilin da ya sa ake fara zargin maleriya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka shimfiɗa hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa, yankin ya samu shinkafa, alkama da tumatir, ya kuma samu ruwan da ke kwance rani da damina, wanda shi ne gidan sauro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Sai dai tun 2010 hukumar ta ce a gwada jini kafin a ba da magani, gwajin gaggawa kuma bai wuce minti 20 ba. Ko da gwajin ya nuna maleriya, wajibi ne a sake duba mutum idan ya sha sahihin magani na kwana uku zazzaɓin bai sauka ba, domin mazaunin wuri mai sauro kan iya ɗauke da ƙwayar cutar alhali wani abu daban ne ke cinsa.

Matsala ta biyu ita ce gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, kuma har yau da shi ɗakunan gwaji da dama ke yanke wa mutane hukuncin taifot. Gwajin kan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a baya, har ma ga mai maleriya. Abin da ya fi tabbatar da taifot shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka riga aka sha barkatai yana ɓata wannan sakamako. Mai shan maganin a kan zato yana ɓatar da sawun ciwonsa, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

A yanki irin wannan, sana'ar mutum da abincinsa su ne rabin bincike. Manomin da ke wuni cikin ruwan shinkafa da yaron da ke wanka a hanyar ruwa suna fuskantar tsargiya, wadda ƙananan katantanwa ke yaɗawa. Takan iya farawa da zazzaɓi kafin a ga fitsarin jini, kuma tana da magani, praziquantel. Mai shan madarar da ba a tafasa ba, ko mai karɓar haihuwar dabba da hannu, yana iya ɗaukar cutar da makiyaya ke kira bakkale a jikin shanu, wadda zazzaɓinta ke tafiya yana dawowa har tsawon watanni, da ciwon gaɓoɓi da gumi. Zazzaɓin yamma tare da gumin dare, rama da tarin da ya kai mako biyu alamun tarin fuka ne, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Akwai kuma ciwon mafitsara, ƙurjin ciki, cuta mai karya garkuwar jiki da wasu nau'o'in kansar jini.

Mafi haɗari shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, aka kuma fara gano shi a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. Farkonsa ba ya bambanta da maleriya. Kanawa ba su manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da cutar ta yi ajalin likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Inda ake shanya shinkafa a ƙasa ana tara ta a rumbu, ɓera ba baƙo ba ne. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta abin kai wa asibiti ne nan take, ana kuma iya kiran lambar Hukumar NCDC ta kyauta, 6232.

A littattafan likitanci, tun 1961 aka ware zazzaɓin da ya wuce mako uku, ya haura digiri 38.3, aka kasa gano dalilinsa, a matsayin babi na musamman. Magidanci a ƙauye bai kamata ya jira wannan wa'adi ba. Kwana uku bayan magani ya isa. Jariri ɗan ƙasa da wata uku, mai juna biyu, da duk wanda ya fara jijjiga, sanƙarewar wuya, zubar jini, idanu rawaya ko gushewar hankali, su ko kwana ɗaya bai kamata su yi a gida ba. A tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha, a faɗa wa likita gaskiya game da sana'a, tafiye-tafiye da jiƙon da aka sha.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta tabbatar kayan gwajin maleriya ba sa yankewa a ƙananan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi, ta ƙarfafa ɗakin gwaji na Babban Asibitin Kura, ta kuma tsara yadda za a riƙa kai samfurin jini da majina Kano a dawo da sakamako, maimakon a ɗora wa marar lafiya kuɗin mota. Masu kemis su san iyakarsu: wanda ya dawo karo na biyu da zazzaɓi ɗaya, takardar tura shi asibiti yake buƙata. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin manoma su riƙa yashe hanyoyin ruwa da cire ciyawar da ke tara sauro da katantanwa.

Yankin da ke ciyar da Kano da shinkafa ya cancanci a san sunan ciwon da ke kwantar da manomansa kafin a sayar musu da magani.