Shin Mai Son Rage Ƙiba Sai Ya Rabu Da Zaƙi?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so ku ba ni aron hankalinku game da wani abu da ya faru a ɗakin kwananmu a zangon da ya wuce.

Akwai wata ƙawata da Allah ya yi wa jiki. 'Yan ajinmu suka dame ta da tsokana, wasu har suna ce mata buhun gero. Ran nan sai ta ɗauki alwashin ita da zaƙi har abada. Ba alewa, ba alkaki, ba sukari a koko. Daga nan ta daina zuwa karin kumallo ma. Ba a yi mako biyu ba ta yanke jiki ta faɗi a wurin taron safe, aka kai ta wurin nas. Da ranar ziyara ta zo, mahaifiyarta ta kawo mata kwano cike da alkaki da nakiya. Kafin a kashe fitila ta cinye rabi, ta kwana tana kuka.

Ni a ganina laifin ba na alkaki ba ne. Abin da aka hana wa rai gaba ɗaya, shi rai ya fi ƙwallafawa a kai. Abin da mai son rage ƙiba yake bukata shi ne awo, ba haramtawa ba.

To, mene ne awon? A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan kamar giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12. In an tsaya a cokali 6 ya fi kyau. Amma kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da wajen cokali 9, ga shi kuwa ba ta ƙosar da kowa. Shi kuma mai, kowane giram nasa yana da kalori 9, na sukari kuwa 4. Ke nan alkaki da dubulan da cincin, da yake soya su ake yi, nauyinsu biyu ne.

Saboda haka shawarata ita ce a fara da rage lemon kwalba, a koma ga ruwa. Sa'an nan a ci abinci sau uku yadda ya kamata, domin mu yara ne masu girma, kuma ciki da yunwa ba ya ɗaukar darasi. In kwaɗayi ya taso, a ɗauki alkaki guda bayan an ƙoshi, a ci a hankali, a ji daɗinsa. Sauran ranaku dabino biyu ko gwaiba ko mangwaro sun isa, tun da sukarin da ke cikin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum ba ya cikin wancan lissafi. Da la'asar kuma a fita filin wasa.

Wani zai ce mai kwaɗayi ba ya iya tsayawa a guda. Gaskiya ne, in kwanon yana ƙarƙashin gadonsa. Maganin wannan shi ne a raba wa 'yan ɗaki tun ranar da aka kawo, ga lada ga lafiya.

Iyayenmu, mun san ƙauna ce take sa ku cika mana akwati da kayan zaƙi, Allah ya saka da alheri. Amma ku riƙa haɗawa da gyaɗa da dabino. Ku kuma masu tsokana, ku ji tsoron Allah, bakinku ne ya kayar da yarinyar nan, ba yunwa kaɗai ba.

Yanzu ƙawata tana cin abincinta, tana buga ƙwallon raga, alkaki kuwa sai ranar Juma'a. Ba ta rame ba tukuna, amma ta daina haki in mun hau bene. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba mu lafiya, amin.