Katun ɗin da ba ya ƙarewa shi ne abin tsoro

Kusan duk taron iyayen yara da ake yi a lakwal, sai wani ya miƙe ya ce gajerun katun ne suka lalata hankalin ƴaƴanmu, shi ya sa yaro ba ya iya zama minti goma yana sauraron malami. Har wasu abokan aikina malamai sun ɗauki maganar suna yaɗawa. Ban yarda ba. Ina ganin mun bar jaki muna dukan taiki.

Mu ɗauki Tom da Jerry, wanda babu gidan da bai san shi ba. William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1940, don a riƙa nuna shi a silima kafin babban fim. Kowane kashi minti bakwai ne ko kusa da haka. Cikin minti bakwai ɗin nan dole kyanwa ta ɗana tarko, ɓera ya kuɓuce, tarko ya koma kan mai shi, labari ya ƙare. Daga 1940 zuwa 1958 sun yi kashi 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. A nan gida ma, marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tahoua, ya yi Bon voyage Sim a 1966: minti biyar kacal, amma ya isa ya yi wa shagulgulan tafiyar shugabanni dariya ta hanyar kwaɗi. Gajarta takan tilasta wa mai labari ya zubar da dusa.

Da katun ya koma talabijin, sai kasuwa ta yanka masa wata riga. A Amurka shirin rabin awa, idan aka cire talla, minti 22 ke saura. Da yawa sukan raba shi gida biyu, minti 11 kowanne, kamar SpongeBob da aka fara a 1999. A nan ma kowane rabi yana da matsalarsa guda da warwararta. Yaro ya ga farko, ya ga tsakiya, ya ga ƙarshe.

Katun na Japan da samarinmu ke kwana a kansu, yawancinsu wani gini ne daban. Kashi ɗaya kamar minti 24 ne, amma labarin ba ya rufewa. Ana yanke shi daidai lokacin da aka ɗaga hannu za a kai duka. Dragon Ball Z kashi 291 ne. Naruto 220, ci gabansa Shippuden 500. Da yake ana fitar da su mako-mako, kuma ana gudun kada su cim ma littafin zanen da ake ɗauko labarin daga ciki, sai a riƙa jan abu kamar danƙo. A faɗan Goku da Freeza an ce saura minti biyar duniyar Namek ta fashe, amma minti biyar ɗin nan sai da suka ci kashi kusan goma. A Japan yaro yakan jira mako guda kafin kashi na gaba. Namu yaron an zuba masa duka a katin salula, babu abin da zai tsayar da shi sai cajin waya ya ƙare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake yi wa gajerun ma. Peppa Pig minti biyar ne, Masha minti bakwai ko takwas. To amma a YouTube, da wajen masu tura fina-finai a bakin kasuwa, ana ɗinke su su zama awa ɗaya ko biyu, wani ya ƙare wani ya hau ba tare da an taɓa komi ba. An cire wurin da yaro zai ɗaga kai ya numfasa, wurin da uwa za ta ce ya isa haka ba tare da kuka ba.

Wani zai kawo mini binciken da Angeline Lillard da Jennifer Peterson suka buga a 2011 a Amurka: yara 60 ƴan shekara huɗu, waɗanda suka kalli SpongeBob sun fi sauran kasawa a gwajin natsuwa da aka yi musu nan take. Gaskiya ne. Amma a duba da kyau: rukunin da ya kalli Caillou, katun mai tafiya a hankali, shi ma minti tara ya kalla, daidai da na farko. Ke nan saurin canjin hoto aka tuhuma, tsawon lokacin iri ɗaya ne.

Mu da muka bi ta makarantar horon malamai mun san darasin ƴan CI gajere ake yi, a buɗe shi, a bi shi, a rufe shi da tambaya. Kakanninmu ma sun san haka: tatsuniya sai da ƙurunƙus, daga nan kowa ya tafi shimfiɗarsa.

Don haka, iyaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 kada ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, jariri kuwa ko kusa. Ku riƙe wannan, ku ƙara da ƙidayar kashi. Ku ce wa yaro biyu za ka kalla, kafin a kunna. Ku kashe maɓallin da ke kawo na gaba da kansa. Ku daina karɓar katin da aka cika da ɗinkakkun katun don kawai yana da arha.

Malamai kuma, ga gwaji mai sauƙi a darasin magana: ku ce yaro ya ba ku labarin abin da ya kalla jiya. Wanda ya iya cewa da farko, daga nan, a ƙarshe, ya ɗauko abin da zai yi masa amfani a rubutu. Wanda ya ce suna ta faɗa kawai, ku nemi ganin mahaifinsa.